Zarto mai bin layi

Zarto mai bin layi injin yankan katako ne na hannu, mai faifai zagayayye, wanda yake tafiya a kan wani dogon layi na alminiyam da ake shimfiɗawa bisa abin da za a yanka. Faifansa yana ɓoye cikin rufi, sai an danna hannun injin ƙasa yake nutsawa cikin katako, in an saki kuma sifirin ya mayar da shi ciki. Saboda haka ana iya fara yanka da shi daga tsakiyar allo, ba lallai sai daga baki ba. Kafintoci masu haɗa durowa, kabad ɗin kicin da ƙofofi su ne suka fi amfani da shi, musamman wajen yanka manyan alluna irin su MDF da filaiwud, waɗanda girmansu na yau da kullum milimita 1220 ne a faɗi da 2440 a tsawo.

Asalinsa

Kamfanin Festo na ƙasar Jamus, wanda Albert Fezer da Gottlieb Stoll suka kafa a 1925, shi ya fito da layin jagorar zarto a 1962, sannan ya kawo zarto mai nutsawa a 1980. Sashen kayan aikin kamfanin ya koma amfani da sunan Festool a 2000, kuma samfurinsa TS 55 ya zama abin da ake auna sauran da shi. Daga baya Makita, DeWalt, Bosch da Mafell duk sun yi nasu. Yawancinsu faifan milimita 160 ko 165 suke ɗauka, suna yanka kaurin da ya kai kusan milimita 55.

Layin da robarsa

A ƙarƙashin layin akwai zirin roba mai laushi da ke riƙe katako don kada layin ya zame. A samansa akwai wani tudu da ke shiga cikin ramin da ke gindin zarton, shi ne yake hana injin kauce hanya. Sai kuma wani zirin roba a gefen da faifai yake bi, wanda shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Sabon layi yakan zo da wannan roba ta ɗan wuce wurinta da gangan. Zarton da kansa ne zai aske ta a yankan farko, daga nan bakinta ya zama daidai inda haƙoran faifai za su bi. Kafinta ba ya buƙatar lissafin tazara tsakanin faifai da jagora, kamar yadda ake yi idan an ɗaure falanki ana bin gefensa da zarton lantarki na gama-gari. Alamar fensir biyu zai yi, ya ɗora bakin robar a kansu, ya yanka. Robar kuma tana danne fatar allon a daidai wurin da haƙora suke fitowa, shi ya sa allo mai rufin melamin, wato siririyar fata mai tauri da santsi, ba ya ɓantarewa a baki.

Saita sabon zarto

Jerin matakan yana da muhimmanci, domin robar sau ɗaya ake aske ta. Abu na farko shi ne cire wasan da ke tsakanin zarto da layi. A gindin injin akwai maɗaurai biyu masu juyawa, ɗaya gaba ɗaya baya. Ana ɗora zarton a kan layi ana matsa su kaɗan kaɗan har sai ya daina girgiza hagu da dama, amma yana sulɓi idan an tura shi da hannu ɗaya. Wanda ya aske roba kafin ya yi wannan, zai samu bakinta ya yi ciki a wani wuri ya yi waje a wani, kuma ba ta da magani sai a ɓare ta a matsar ko a sa sabuwa.

Bayan haka sai a duba ko faifan yana tsaye cak. Lambar sifili da ke jikin injin ba abin dogaro ba ce har sai an gwada. Ana yanka guntun katako mai kauri, a juya ɓari ɗaya, a haɗa bakunan biyu a kan tebur: in akwai karkata, za ta fito ninki biyu, ido ma zai gan ta. Akwai ƙananan sukurori da ake gyara wannan da su. Masu ƙera wasu samfuran kan bar bayan faifan ya ɗan kauce daga layi da kaurin da bai fi na takarda ba, don kada haƙoran baya su sake gogar wurin da aka riga aka yanka. Idan gefen katako yana fitowa da baƙin ƙuna ko zane, nan ne wuri na farko da ya kamata a duba, bayan an tabbatar faifan bai dakushe ba.

Sai askin robar. Ana shimfiɗa layin kan allon da ba a buƙata, a saita zurfi kaɗan, a bar injin ya ɗauki cikakken gudu kafin a nutsar da shi, sannan a tura a hankali ba tsayawa. Ƙarshen layin biyu su ne wurin matsala, domin idan ɗaya daga cikin maɗauran ya fita daga tudun, zarton zai karkace ya ci robar fiye da kima. Mai layi biyu yakan haɗa su don ya samu wurin tashi da sauka.

Wajen zurfi, kaurin layin da kansa yana cinye kusan milimita 5, shi ya sa wasu injinan suke da alama biyu a ma'aunin, ta kan layi da ta ba layi. Ya isa haƙora su wuce ƙasan allon da milimita biyu zuwa uku. Mutane da yawa kan shimfiɗa farin soso mai tauri ko tsohon allo a ƙasa, ya tallafi ɓangarorin biyu don kada su rufta su matse faifai.

Haɗa layuka

Layin milimita 1400 yana isa a ratsa faɗin allo, amma tsawonsa sai na 2700 ko 3000, ko kuma a haɗa biyu da sandunan ƙarfe da ke shiga cikin raminsu. Haɗin ba ya miƙewa da kansa. Ana jingina wani abu mai miƙe a gefen layukan kafin a ɗaure sukurorin, a kuma bar ɗan sarari tsakanin bakunan, don ba kullum suke zuwa a yanke daidai ba. Ɗaurin ma kada ya yi yawa, alminiyam yana lotsawa. Ba kowane layi ne yake karɓar kowane zarto ba: na Festool da na Makita suna shiga juna, na Bosch da na Mafell kuma tsarinsu ɗaya, daban da na farkon.

Kuskuren da ya fi cin katako shi ne manta gefen da faifai yake cinyewa. Layin yana zama ne a kan ɓangaren da ake so. In abin da ake so yana wajen robar, sai a ƙara kaurin haƙora, wanda a faifai da yawa milimita 2.2 ne. Canza faifai zuwa mai wani kauri kuma yana iya sa bakin robar ya daina faɗin gaskiya.

Hatsari da kulawa

Babban hatsarin zarton shi ne tsallen baya, wato injin ya zabura ya yo kan mai riƙe da shi, wanda ya fi faruwa lokacin nutsawa a tsakiyar allo. Don haka ake ɗaura wani ɗan taki mai tokare injin a kan layin a bayan zarton. TS 55 yana da siririyar wuƙa a bayan faifai da ke hana yankan rufewa, Makita SP6000 kuwa ba shi da ita. Garin katako yana cikin abubuwan da hukumar binciken cutar daji ta duniya ta tabbatar suna haddasa ciwon, kuma na MDF ya fi laushi da tashi, saboda haka ake jona injin zuƙar ƙura a bakin da aka tanada. Ƙura tana kuma rage kamun robar ƙasa, sai an riƙa goge ta, a allo mai santsi ko siriri kuma a ɗaure layin da matsi. Masu sayen na hannu a Najeriya da Nijar su duba lambar wuta tukuna: na kasuwar Amurka bolt 120 yake sha, alhali wutar nan 220 zuwa 230 ce, in an jona kai tsaye zai ƙone.