Waiwaye: Inda rigimar ma'adanan maganaɗisu ta samo asali

Tun watan Afrilun 2025, lokacin da ƙasar Sin ta sanya sharaɗin karɓar lasisi kafin a fitar da nau'i 7 na ma'adanan da ake kira masu wuyar samu, tare da maganaɗisun da ake ƙerawa da su, maganar ta baro teburin masana ta shigo majalisun Kano. Wasu na cewa Arewa na zaune a kan dukiyar da duniya ke kokawa a kanta, tunda akwai yashin monazait a tsofaffin wuraren haƙar kuza na Filato, ga kuma Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa da ta daɗe da yin suna a harkar kuza. Wasu kuma na ganin faɗan manya ne, babu ruwan ɗan kasuwar Sabon Gari. Masu wannan ra'ayi na biyu sun manta cewa sifikar kowace waya da ke Farm Centre na ɗauke da irin wannan maganaɗisu, haka ma moton babur mai batir da yawancin famfunan sola da ake zurawa cikin rijiyar burtsatse. Su kuwa na farko suna magana kamar yashin ne dukiyar. Duka ɓangarorin sun ɗauki abin sabo, alhali labarin wannan maganaɗisu na niyodimiyam da ƙarfe da boron ya haura shekara 40.

Farkon labarin sananne ne. Ɗan Adam ya daɗe da sanin dutsen da ke jan ƙarfe. A 1820 Oersted ya ga wutar lantarki na karkatar da allurar kamfas, a 1831 Faraday ya nuna cewa motsa maganaɗisu kusa da waya na haifar da lantarki. A 1895 Pierre Curie ya auna yadda zafi ke kashe maganaɗisu: ƙarfe na daina amsawa idan ya kai digiri 770 a ma'aunin Salshiyas, abin da kowane maƙeri zai iya gwadawa da ƙarfen da ya yi jawur a wuta. A 1928 Heisenberg ya bayyana cewa tushen abin yana cikin elektron, wato ƙananan ƙwayoyi masu caji da ke cikin kowace zarra, domin kowane elektron ƙaramin maganaɗisu ne, kuma a wasu ƙarafa dokokin kimiyyar ƙwayar zarra na sa maƙwabta su fuskanci alƙibla ɗaya. Sai aka samu maganaɗisun alniko a 1931, da baƙin maganaɗisun ferait a farkon shekarun 1950, wanda har yau shi ne a bayan manyan sifikun da ake haya a biki.

Kafin a fahimci abin da ya biyo baya, dole a san cewa maganaɗisu na dindindin yana buƙatar abu uku a tare: ƙarfin ja, jure zafi, da taurin kai wajen riƙe alƙibla. Zallan ƙarfe yana da biyun farko. Kowace zarrarsa na ba da kusan ma'auni 2.2 na magneton ɗin Bohr, wato ma'aunin ƙarfin maganaɗisun zarra, kuma wannan adadi ne babba. Amma zarrarsa a jere suke cikin siffar murabba'i mai kusurwa daidai ta ko'ina, don haka alƙiblarsa na juyawa da ɗan matsi kaɗan. Shi ya sa ƙusa ke kama maganaɗisu ta sake shi. Su kuwa ma'adanan masu wuyar samu, irin su samariyam da niyodimiyam, elektron ɗinsu masu aikin suna can ciki a ɓawon da ake kira 4f, wasu ɓawoyi sun lulluɓe su. Gajimaren cajinsu ba zagayayye ba ne, na niyodimiyam a baje yake, na samariyam kuwa a miƙe. Idan aka saka irin wannan zarra cikin kiristal mai gefe ɗaya da ya bambanta da sauran, gajimaren zai maƙale a wuri guda, ya riƙe alƙiblar. Amma su kaɗai ba sa jure ko zafin ɗaki. Sai an haɗa su da ƙarfe ko kobalt, kamar sahun salla: jama'a ke cika shi, amma sai da mai tsayar da alƙibla. A 1966 Karl Strnat da abokin aikinsa a Amurka suka auna wannan taurin kai a haɗin itiriyam da kobalt, kuma daga nan aka samu maganaɗisun samariyam da kobalt.

Masu ba da tarihin kan tsallaka daga nan zuwa yau. A ganina shekarar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce 1978.

A lokacin kowa ya san kobalt na da tsada, ƙarfe kuwa na da arha kuma ya fi ƙarfin ja. An gwada maye gurbin kobalt da ƙarfe, abin ya ƙi. Haɗin da ke da zarra 2 na niyodimiyam da 17 na ƙarfe yana rasa maganaɗisunsa a ƙasa da digiri 60, wato zafin da rufin kwano ke kaiwa da tsakar rana a watan Afrilu. Yawancin masu bincike sun haƙura. A watan Janairun 1978, a wani taro a Tokiyo, wani masani mai suna Masaaki Hamano ya yi bayanin dalilin: a cikin irin wannan kiristal, wasu zarran ƙarfe sun matsu da juna fiye da kima. Wannan tsohon sani ne a fannin. Tazarar da ke tsakanin zarra biyu na yanke hukuncin ko elektron ɗinsu za su fuskanci gefe ɗaya ko su juya wa juna baya, kuma idan tazarar ta yi kaɗan sai su juya baya, su rage wa juna ƙarfi. Wata shaidar cewa yadda zarra ke jere na da tasiri ita ce tun 1903 Heusler ya nuna cewa haɗin jan ƙarfe da manganis da alminiyam na zama maganaɗisu, duk da babu ko ɗaya cikin ukun da maganaɗisu ke ɗauka shi kaɗai.

A cikin masu sauraro akwai wani matashin mai bincike, Masato Sagawa. Tunanin da ya zo masa mai sauƙi ne: idan matsi ne matsalar, a cusa wata ƙaramar zarra kamar kabon ko boron a tsakani ta buɗa su. Ya fara gwaji. Watanni kaɗan bayan haka, a watan Mayun 1978, yaƙi ya isa Kolwezi a ƙasar Zayar, wato Kongo ta yau, cibiyar da ke ba duniya kaso mafi girma na kobalt. Farashi ya ninka sau da yawa cikin shekarar, kamfanoni suka tashi haiƙan neman mafita. A lura da yadda abubuwan suka jeru: tambayar ta riga rikicin zuwa. Da kasuwa ta rikice, akwai mutanen da suka riga suka san inda za su duba.

Sagawa ya koma kamfanin Sumitomo Special Metals a 1982, a shekarar kuma ya samu maganaɗisun. A Amurka, John Croat da tawagarsa a General Motors sun isa ga haɗi iri ɗaya ta wata hanya daban, ta fesa narkakken ƙarfe a kan gargare mai gudu ya daskare nan take. Ɓangarorin biyu sun gabatar da sakamakonsu a taro ɗaya a watan Nuwamban 1983. Da aka binciki kiristal ɗin da harbin nutron a 1984, sai aka ga aikin boron ya wuce buɗa tazara. Ya haifar da sabon gini ne gaba ɗaya: niyodimiyam 2, ƙarfe 14, boron 1, da zarra 68 a kowane tubalin gini, mai gefe ɗaya dogo da ke riƙe alƙibla. Zafin da yake mutuwa ya tashi zuwa wajen digiri 312. Duk wannan da boron da nauyinsa bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Niyodimiyam da danginsa kusan kashi 30 ne, sauran duk ƙarfe. Ƙarfin da yake tarawa ya ninka na ferait kusan sau 10, shi ya sa moto ya ƙanƙance har ya shige cikin tayar babur.

Samun haɗin ma rabin aiki ne. Ana narka shi a zuba shi falle-falle, a shayar da shi iskar haidurojin ya farfashe, a niƙa shi da iskar naitirojin har ƙwayarsa ta koma maikuron 3 zuwa 5 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ta yadda kowace ƙwaya kiristal ɗaya ce. Ana danne garin cikin filin maganaɗisu mai ƙarfi don ƙwayoyin su jeru, a gasa a wajen digiri 1,050 zuwa 1,100 inda babu iska, a sake ɗumama shi a wajen digiri 500 don siririn bangon da ke raba ƙwaya da ƙwaya ya daidaita. Idan iskar oksijin ta shiga a tsakani, ta cinye niyodimiyam ɗin da zai yi bangon, maganaɗisun zai fito da ƙarfin ja amma ba ya riƙewa. Garin kuma na iya kamawa da wuta da kansa, don haka mai gyara kada ya kuskura ya sa irin wannan maganaɗisu a injin wasa ƙarfe. A ƙarshe ana lulluɓe shi da nikel, domin yana tsatsa da sauri, kuma da zarar rufin ya fashe a cikin famfon rijiya sai ya fara zubewa.

Rauninsa babba shi ne zafi, kuma nan ne abin ya shafi Kano kai tsaye. Maganaɗisu mai lamba N35 ko N52 ba tare da wani harafi a baya ba, iyakarsa wajen digiri 80 ne. Mai H na kai 120, SH 150, UH 180. Moton da aka yi wa lodi fiye da kima a ranar da gari ya haura digiri 40 yana iya wuce 80 a ciki. Idan haka ta faru wasu ƙwayoyin na juya alƙibla kuma ba sa dawowa bayan ya huce. Moton sai ya riƙa jan wuta da yawa don ba da ƙarfin da ya saba, ya ƙara zafi, waya ta ƙone. Mai naɗin waya zai naɗa sabuwa tsaf, amma moton ba zai koma yadda yake ba, domin cutar na jikin maganaɗisun. Maganin da masana'antu suka samo shi ne ƙara disfurosiyam ko tarbiyam, waɗanda ke ƙara taurin kai amma suna rage ƙarfin ja, saboda alƙiblarsu kishiyar ta ƙarfe ce. Daga baya aka koyi shafa su a saman maganaɗisun a gasa, su bi bangon ƙwayoyi kawai, don a rage yawan da ake zubawa.

Disfurosiyam da tarbiyam na cikin nau'i 7 da aka sanya wa sharaɗi, niyodimiyam ba ya ciki. Kuma monazait, wanda ake kafa hujja da shi a muhawararmu, yawancinsa seriyam ne da lantanam da niyodimiyam, disfurosiyam ɗinsa kaɗan ne. Yana kuma ɗauke da toriyam mai fitar da tururin nukiliya, abin da ya sa tara buhunansa cikin gida ko shago haɗari ne. Raba waɗannan ma'adanai da juna na buƙatar matakan tacewa masu ɗimbin yawa, domin ɓawonsu na waje kusan iri ɗaya ne. Ƙasar Sin ta shafe shekaru da dama tana gina wannan ƙwarewa tun daga shekarun 1970, yau kusan kashi 90 cikin 100 na tacewar a can ake yi. An ma taɓa ganin tashin farashi mai tsanani a 2010 da 2011.

Ɓangaren da ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero zai iya shiga yau ba tare da tanderu ba shi ne lissafi. Ka'idar da Hohenberg da Kohn da Sham suka kafa a 1964 da 1965 ta sa ana iya lissafa tsarin elektron na kiristal a kwamfuta, kuma manhaja irin Quantum ESPRESSO kyauta ce. Ƙarfin ja yana fitowa da sauƙi. Taurin riƙe alƙibla ne mai wuya: a zallan ƙarfe, bambancin makamashi tsakanin alƙibla biyu bai wuce kusan kashi 1 cikin miliyan na elektron-bolt (ƙaramin ma'aunin makamashi) a kowace zarra ba, don haka idan ba a yi lissafin dalla-dalla sosai ba amsar na iya fitowa a juye. Elektron ɗin 4f kuma sai an yi musu gyara na musamman, in ba haka ba lissafin zai ɗauke su kamar masu yawo a cikin ƙarfe alhali a maƙale suke. Kuma lissafin mako guda na mutuwa idan wuta ta ɗauke ba a adana ba.

Tambayoyin da ake bi yanzu su ne ko seriyam mai arha zai maye gurbin wani kaso na niyodimiyam, da ko za a samu maganaɗisu mai ƙarfi ba tare da waɗannan ma'adanai ba kwata-kwata. Ana aiki a kan haɗin ƙarfe da naitirojin, da haɗin ƙarfe da nikel da aka fara gani a duwatsun da ke faɗowa daga sararin samaniya. Wanda ya fi dacewa da ƙasa mai zafi shi ne haɗin manganis da bismut: ƙarfin jansa bai kai na niyodimiyam ba, samun sa zalla na da wuya domin manganis na warewa gefe yayin daskarewa, amma taurin riƙe alƙiblarsa ƙaruwa yake yi idan ya ɗauki zafi.