Daga Injiniyan Gada Zuwa Injiniyan Jirgi: Tarihin Ƙofar NIW a Amurka

A ƙa'ida, baƙon da ke neman zaman dindindin a Amurka ta hanyar aiki sai ya samu kamfanin da zai tsaya masa, kamfanin kuma sai ya gamsar da Ma'aikatar Ƙwadago cewa ya tallata gurbin bai samu ɗan ƙasa da ya cancanta ba. Dokar shige da fice ta 1990, wadda Shugaba George H. W. Bush ya sa wa hannu, ta buɗe wata 'yar kafa a rukunin EB-2 na masu manyan digirori: ana iya yafe wannan sharaɗi idan aikin mutum maslaha ne ga ƙasa. Wannan ita ce NIW (National Interest Waiver, wato yafiya don maslahar ƙasa), kuma mutum na iya nema wa kansa ba tare da ubangida ba. Sai dai majalisa ba ta fayyace mece ce maslahar ƙasa ba, ta bar wa jami'ai su yi ta fassara.

Fassarar farko mai ƙarfi ta zo a 1998. Ma'aikatar sufuri ta jihar New York ta nema wa wani injiniyanta mai aikin gadoji wannan rangwame. Hukumar shige da fice ta yarda aikin na da amfani, ta yarda amfaninsa ya wuce jiha ɗaya tunda hanyoyi a sarƙe suke, amma ta ƙi. Dalilinta shi ne bai nuna ƙasa za ta cutu ba idan aka bi hanyar da aka saba. Hujjar ƙarancin ma'aikata ma ba ta karɓu ba, don tantance ƙarancin shi ne aikin Ma'aikatar Ƙwadago tun asali. Shekara 18 lauyoyi na kokawa da wannan sharaɗi, wanda a ganina tarko ne: wanda ba shi da ubangida, yaya zai kwatanta kansa da ɗan ƙasar da ba a ma tallata masa gurbi ba?

A Disambar 2016 aka soke wancan hukunci a shari'ar Dhanasar, mai bincike kan injunan jiragen da ke ninka gudun sauti, a wata jami'a a North Carolina. Sabon ma'auni ya ce aikin ya kasance mai ƙima da muhimmanci ga ƙasa, mai neman ya nuna yana da halin ciyar da shi gaba, sannan yafe masa ya fi alheri. Abin lura, bincikensa ne ya fisshe shi. Koyarwar da ya ce zai yi, an ce tana da ƙima amma bai nuna tasirinta ya kai matakin ƙasa ba.

A 2022 gwamnatin Biden ta ba masu kimiyya da fasaha ƙarin nauyi, sai takardu suka yi ta kwarara. Ga 'yan Najeriya, waɗanda aka cire daga cacar biza tun zagayen 2015, ƙofar ta ƙara daraja. Amma amincewa da fom I-140, wato takardar da ake shigar da buƙatar da ita, ba shi ne samun katin zaman dindindin ba. Rukunin EB-2 na samun biza kusan 40,000 ne a shekara, har da na mata da 'ya'ya, kuma akwai iyakar kashi 7 cikin 100 ga kowace ƙasa, shi ya sa 'yan Indiya ke shafe fiye da shekara 10 a layi.