Akwatin kifin ruwan gishiri: zaɓen na farko da ƙaramin jari a Kano

Akwatin kifin ruwan gishiri, wanda wasu ke kira akwariyom na teku, akwatin gilashi ne da ake cika shi da ruwa mai gishiri daidai da na teku, domin kiwon kifayen ado da sauran halittun teku a cikin gida. Ya bambanta da akwatin kifin ruwan daɗi da ake gani a falo da otal da ofisoshi, domin shi ruwansa haɗa shi ake yi, a auna, a kuma ci gaba da aunawa muddin akwai rai a ciki. A shekarar 1853 aka buɗe wa jama'a gidan kifi na farko, a gidan namun daji na Landan, kuma a wancan zamani daga teku ake ɗauko ruwan. Garin gishirin da masana'antu suka fara haɗawa, wanda ya bazu daga shekarun 1960, shi ya ba mutanen da ke nesa da gaɓa damar shiga harkar. Kano tana da nisan kusan kilomita 1,000 daga Legas ta mota, don haka duk wanda zai kafa akwatin a nan, da wannan garin gishiri zai dogara.

Ire-irensa

Iri uku ne. Akwai na kifi zalla, wanda ba komai a cikinsa sai kifi da yashi da matatar ruwa. Akwai na kifi da dutse mai rai, wato dutse mai ramuka da yawa da ƙwayoyin bakteriya masu amfani ke zama a ciki, suna tsabtace ruwan. Na uku shi ne na murjani, wanda ya fi kowanne kyau, ya kuma fi kowanne cin kuɗi. Murjani dabba ce, amma yawancinsa yana rayuwa ne da taimakon wasu ƙananan tsirrai da ke cikin jikinsa, su kuma sai da haske mai ƙarfi. Idan zafin ruwa ya daɗe a kan digiri 30 ko sama, murjani yakan kori tsirran nan, ya yi fari fat, daga nan ya mutu. Ga kuma yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa kan cinikin dabbobi da tsirran daji, da ta sa sai da takardun izini ake ketare iyaka da murjani mai ƙashi. Ga mai farawa a Kano, iri na biyu ne zaɓin hankali, na uku kuwa a bar shi sai an kwana biyu a harkar.

Girman akwati

Mai ƙaramin jari yakan ɗauka ƙaramin akwati ne daidai da aljihunsa. Nan ne araha ba ta ado. Ruwan kofi da ruwan randa ba sa ɗaukar zafi lokaci guda, haka ma akwati mai lita 20 da mai lita 100. Gishiri ba ya bin tururi, ruwa ne kaɗai ke tashi. A ruwan teku akwai gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Idan lita ɗaya ta ƙafe daga akwati mai lita 20, gishirin ya hau zuwa kusan giram 37, amma a mai lita 100 bai ma kai 35 da rabi ba. A lokacin hunturu, da iskar Kano ke bushewa ƙayau, lita ɗaya a yini ba abin mamaki ba ne.

Saboda haka akwati mai lita 80 zuwa 120 ya fi dacewa. Mai tsawon santimita 75, faɗi 40, tsayi 40 yana cin lita 120. Masu yankan gilashi na cikin gari suna iya haɗa shi da gilashi mai kaurin milimita 8, kuma hakan yakan fi sayen na kwali sauƙi. Sharaɗi ɗaya ne: silikon ɗin da za a liƙe shi kada ya zama irin na banɗaki mai maganin fumfuna, domin guba ne ga kifi. Kada a sa masa firam na ƙarfe, gishiri zai cinye shi. A kuma tuna da nauyi: da ruwa da dutse da yashi, irin wannan akwati yakan haura kilo 150, ba abin ɗorawa a kan teburin talabijin ba ne. Kafin a shigo da shi ɗaki, a cika shi da ruwa a tsakar gida ya kwana biyu ko uku, a ga ko yana yoyo.

Wuta da zafi

Littattafai da bidiyoyin da ke koyar da wannan harka galibi a Turai da Amurka ake yin su, inda damuwar ita ce ɗumama ruwa, wuta kuma ba ta cika ɗaukewa ba. A Kano lissafin ya juye. Kifayen nan suna son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 27, alhali daga Maris zuwa Mayu zafin gari yakan kai 40. Ruwan gishiri dama bai kai ruwan daɗi riƙe iskar oksijin ba, kuma duk sa'ad da ya ƙara ɗumi sai iskar ta ƙara raguwa. Idan aka ɗauke wuta da tsakar rana a watan Afrilu, famfon da ke motsa ruwa ya tsaya, cikin 'yan sa'o'i za a ga kifayen sun taso sama suna haki. Ba kifayen kaɗai ba, bakteriyar da ke cikin dutsen ma iska take shaƙa.

Don haka kuɗin farko ba na kifi ba ne, na wutar da ba ta yankewa ne. Abin daɗin shi ne kayan ba su da cin wuta. Ƙaramin famfon da zai juya ruwan akwatin sau 10 zuwa 20 a sa'a yakan ci wat 5 zuwa 10. Mai wat 10, idan ya yi aiki dare da rana, wat-awa 240 ne. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, ko rabinsa aka yi amfani da shi ya isa famfon kusan kwana biyu da rabi. Gidan da ke da sola da inbata ya gama da wannan matsala. Wanda ba shi da su, aƙalla ya tanadi ƙaramin injin hura iska mai batir, wanda ke kunna kansa idan wuta ta tafi. Janareta ba ta wadatar, tunda ba wanda ke kwana da ita a kunne kullum.

Injin sanyaya ruwa yana da tsada, yana kuma zuƙar wuta. Madadinsa ƙaramar fanka ce da za a saita tana hura saman ruwan. Tana iya sauke zafin da digiri biyu ko uku, kuma a busasshiyar iska irin ta Kano ta fi yin aiki fiye da a Legas. Ladan aikinta shi ne ruwan zai riƙa ƙafewa da sauri, sai a riƙa cikawa kullum da ruwa mai tsabta marar gishiri. A ajiye akwatin a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da taga da bangon da rana ke duka. Hita kuma ba a rasa amfaninta, domin a daren Disamba da Janairu sanyi yakan sauka ƙasa da digiri 15.

Ruwa da gishiri

Gishirin miya ba ya yi, haka manda, balle kanwa. Ruwan teku yana da magniziyam da kalsiyam da fotasiyam da wasu sinadarai a ma'auni sananne, kuma garin gishiri irin su Instant Ocean da Red Sea ne ke kwaikwayon wannan haɗin. Jarka mai lita 25 tana cin kusan giram 900. Ana haɗawa a bokitin roba mai tsabta, a bar famfo yana juya shi ya kwana, sannan a auna. Nauyin ruwan da ake nema, wanda ke nuna yawan gishirinsa, 1.023 zuwa 1.026 ne, idan aka ɗauki na ruwa marar gishiri a matsayin 1. Akwai ma'aunin roba mai allura, mai araha amma yakan yi ƙarya idan kumfa ta maƙale masa. Wanda ake ɗiga masa ruwa a leƙa ta ido ya fi shi gaskiya.

Shi kansa ruwan abin dubawa ne. Na famfo yana da kulorin. Na rijiya da na burtsatse, musamman a unguwanni masu cunkoso inda masai ke kusa, yakan zo da sinadarin naitiret, wanda ke haifar da gansakuka ta rufe gilashi da dutse. Na 'yan garuwa ba a san tushensa ba. Abin da ake so shi ne ruwan da ya bi ta matatar RO, wato matatar da ke cire sinadaran da suka narke a cikin ruwa. Ana iya sayen ƙaramar matatar, ko a sayi ruwan a jarka wajen masana'antar ruwan sha da ke da ita, a gwada da ƙaramin alƙalamin auna dattin ruwa. Gwargwadon kusancin lambar da sifili, gwargwadon kyan ruwan.

Ana canza kashi 10 cikin 100 na ruwan kowane mako. A akwati mai lita 100, wannan ya kama kusan kilo 19 na gishiri a shekara, ban da kusan kilo uku da rabi na cikawar farko. Wanda ya riƙe wannan canji zai iya haƙura da injin cire datti ta kumfa, wanda yana cikin kayan da suka fi tsada. Fitila ma, tunda ba murjani, kowace LED fara mai ɗan shuɗi ta isa.

Jiran ruwa ya nuna

Ba a zuba kifi ranar da aka cika akwati. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. Wata bakteriya ke mayar da ita naitirait, shi ma guba, wata kuma ta mayar da shi naitiret mai sauƙin illa. Kafin waɗannan ƙwayoyi su yawaita a dutse ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida. Ana jefa ɗan abincin kifi ya ruɓe, ana gwada ruwan, sai amoniya da naitirait sun koma sifili. Busasshen dutse ya fi mai rai araha da sauƙin ɗaukowa, kuma da kansa zai rayu.

Kifayen farko

Amphiprion ocellaris, ɗan kifin nan ruwan lemo mai farin ɗamara uku da yara suka sani ta fim ɗin Finding Nemo na 2003, shi ne na gaba. Ba ya wuce santimita 11, yana da juriya, kuma ana ƙyanƙyashe shi a gonakin kifi. Wanda aka ƙyanƙyashe ya fi na kamu, domin ya saba da abincin gwangwani, kuma a wasu sassan Filifin da Indunusiya an san ana kama kifin ado da gubar sayanaid, wadda ke lalata masa ciki. Biyu ƙanana sun isa: wanda ya fi girma zai rikiɗe ya zama mace, ɗayan ya zauna namiji. Shuɗin abokinsa na fim, Paracanthurus hepatus, yana kai santimita 30, yana buƙatar ɗaruruwan lita, ba na wannan akwati ba ne. Kifi uku ko huɗu ƙanana ne iyakar lita 100, a kuma shigo da su da tazarar makonni.

Tunda daga nesa ake kawo su, cikin leda mai iska, jirgin sama ya fi mota, kuma gara a guji watannin bazara. Idan sun iso, a ɗora ledar a kan ruwan akwatin minti 15 zuwa 20, a riƙa zuba mata ruwan akwatin kaɗan-kaɗan, sannan a tsamo kifin ba tare da ruwan ledar ba. Cutar da ta fi damun su ita ce mai fararen ɗigo a jiki, wadda ƙwayar Cryptocaryon irritans ke jawowa. Maganinta mai sinadarin tagulla ana ba da shi ne a wani akwati dabam, domin dutse yana shanye shi, yana kuma kashe dodon koɗi da jatan lande.

Akwai haɗarin da ke cikin ɗakin kansa. Maganin sauro na fesawa da fiya-fiya suna kashe kifi ko da kaɗan ne ya sauka a ruwan, don haka ba a fesa su a ɗakin da akwatin yake. Hayaƙin turaren wuta yakan bar maiƙo a saman ruwa, gara a kai kaskon wani ɗaki. Hannun da aka shafa wa mai ko humra sai an wanke shi sosai, an ɗauraye sabulun, kafin a tsoma.

Madadinsa

Wanda ya yi lissafi ya ga wuta ko gishirin sun fi ƙarfinsa, akwai kifayen Tafkin Malawi, dangin karfasa, masu launin shuɗi da ɗorawa da ke kusa da na teku a ido. Na ruwan daɗi ne, suna son ruwa mai ɗan nauyin ma'adinai, ba sa buƙatar garin gishiri, kuma akwatin da famfon da batirin da aka saya dominsu duk za su yi aiki ranar da aka koma ruwan gishiri.