Masu tambaya kan ɗaukar tsohon negetif da kyamara, ga amsa

Kusan kullum sai wani ya turo mini hoton leda cike da negetif (fim ɗin da ake wanke hoto daga gare shi) na bikin iyayensa yana tambayar yadda zai mayar da su cikin kwamfuta. Na gaji da maimaitawa.

Dole sai da sikana?

A'a. Kyamara, len na makro mai ɗauka 1:1 (wato mai ɗaukar ƙaramin abu daga kusa a ainihin girmansa), da fitila mai farin haske a bayan fim ɗin. Hoton fim na 35mm milimita 36 da 24 ne kacal, shi ya sa len na yau da kullum ba zai cika shi ba.

In riƙe kyamarar a hannu?

Haba! Ka kafa ta ta kalli ƙasa daidai, ka sa ISO (ƙarfin jin haske na kyamara) mafi ƙanƙanta, buɗewar len a f/8, kuma ka ɗauka a RAW, wato hoton da kyamara ba ta sarrafa ba.

Fuskar waya za ta yi a matsayin fitila?

Za ta yi, amma ka ɗaga fim ɗin nesa da ita kaɗan, in ba haka ba ɗigo-ɗigon fuskar su fito a goshin kakarka.

Negetif ɗina sun manne da juna, ga hunhuna. Yaya zan yi?

To, nan sai a bi a hankali. Da farko kada ka ja su da ƙarfi. Hoton yana kan wani siririn danƙo ne a gefen da ba ya sheƙi, idan ya ɓare ya tafi ke nan. Idan damshin damina ne kawai ya haɗe su, wani lokaci jiƙa su cikin ruwa mai tsafta mai sanyi yakan sa su saki da kansu, sai a rataye su a inuwa inda babu ƙura. Amma idan hunhuna ta riga ta ci danƙon, ruwan nan shi zai wanke hoton a gaban idonka. Na taɓa ganin fuskar amarya ta narke a cikin kwano, har yau abin na damuna. Don haka ka fara ɗaukar hoton duk wanda ake iya gani yadda yake, sannan ka gwada a kan guda ɗaya da ba ka damu da shi ba. Ko hakan ma ba tabbas ba ne. Idan kuma ka ji warin tsami na tashi, fim ɗin ya fara ruɓewa, ka ware shi daga sauran, ka ɗauki hotonsa yau.

Na juya launin negetif ɗin a kwamfuta don ya zama hoto, komai ya koma shuɗi. Na ɓata ne?

Kwantar da hankalinka, ba ka ɓata komai ba. Negetif mai kala yana da launin ruwan lemo a jikinsa, in an juya sai ya zama shuɗi. Ka daidaita fari daga gefen fim inda babu hoto. Manhajar darktable kyauta ce, tana yin wannan.

In goge ƙura da bakin riga?

Kul! Ƙurar hunturu tana karce fim. Ka hura da 'yar robar iska.

Na gama, in zubar da su?

Wa ya ce maka? Ka sa su a ambulan na takarda, ka ajiye a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da rufin kwano.