Ma'anar "17 rubis" da ake gani a fuskar tsohon agogon Faransa

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon agogon hannu irin na wani, wato wanda ba ya cin batir sai dai a wana shi da yatsa, in ya ƙura ido a fuskarsa zai ga wani ɗan mitsitsin rubutu, galibi a saman lamba shida: "17 rubis", ko "Ancre 15 rubis". Agogon da aka ƙera don ƙasashen da ake Ingilishi kuwa "17 jewels" ake rubuta masa. Yanzu da cinikin tsofaffin agogo ya farfaɗo a intanet, masu sayarwa na sa wannan rubutu a gaban talla, mai saye kuma ya ji kamar an ce masa akwai dukiya binne a ciki. Na sha jin ana tambaya ko za a iya ɓalle duwatsun a sayar. Tambayar na damuna, domin agogo mai kyau na iya halaka a banza saboda ita.

Rubis kalmar Faransanci ce, ma'anarta jan yakutu. Ba a furta harafin ƙarshe, "rubi" ake cewa, kamar yadda 'yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatun Faransanci suka sani. Kuma da gaske akwai yakutu goma sha bakwai a cikin agogon. Sai dai ba daga ƙasa aka haƙo su ba, a masana'anta aka narka su, kowanne bai kai ƙwayar gero ba, kuma in ka tara su duka ba za su saya maka abin kirki ba. Darajarsu tana ga aikin da suke yi.

Ga yadda abin yake. In ka wana agogo, wani siririn sifirin kake naɗewa a cikin 'yar gangarsa. Yana son warwarewa, sai ya tura wili mai haƙora, wannan ya tura na gaba, na gaba ya tura na gabansa, har ƙarfin ya isa ga wani wili mai kai-komo, wanda shi ne ke auna lokaci. A yawancin agogon wancan zamani wannan wili na bugawa sau 18,000 a awa, wato sau biyar a daƙiƙa, sau 432,000 a yini da kwana. Kowane wili yana tsaye ne a kan tsinken ƙarfe, bakin tsinken kuma na juyawa a cikin rami. Bakin tsinken wilin kai-komo kaurinsa kusan na gashin kai ne. To, in ramin na tagulla ne, yau da gobe ƙarfen zai cinye shi, ramin ya buɗe, wili ya karkace, agogo ya fara ƙarya. Shi ya sa ake dasa ɗan dutse mai huda a wurin. Aikin da boris ke yi a keke ko injin niƙa, shi yakutu ke yi a agogo. Yana da tauri ƙwarai, a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs yana mataki na 9, daiman ne kawai a na 10. Yana karɓar gogewa har ya yi santsi sumul. Sannan ana fafe masa ɗan gurbi a gefen hudar inda ɗigon mai zai zauna kada ya watse.

Lambar 17 ba da ka aka zaɓe ta ba, lissafi ne. Wilin kai-komo shi kaɗai yana cin huɗu: biyu masu huda, sama da ƙasa, da biyu marasa huda da ke rufe bakin tsinken kamar murfi. Akwai ɗaya a tsaye a gindinsa wanda ke karɓar bugu. Sai wani ɗan ƙarfe mai baki biyu da ke riƙe wilin ƙarshe yana sakinsa haƙori ɗaya-ɗaya, wanda ƙarar "tik-tik" ke fitowa daga gare shi. Kowane bakinsa da dutse ɗaya. An sami bakwai ke nan, kuma waɗannan bakwai su ne na wajibi. Shi wannan ƙarfe mai baki biyu Faransawa ke kira ancre, domin ya yi kama da ƙugiyar da ake tsayar da jirgin ruwa da ita, don haka "Ancre 15 rubis" na gaya maka irin injin da ke ciki. Daga nan sai a ba tsinken ƙarfen nan duwatsu biyu, a ba wilai uku da ke gabansa bibbiyu, ya zama 15. In an ƙara wa wilin tsakiya, mai ɗauke da hannun minti, nasa biyun, an cika 17. A agogon da ake wanawa da hannu, 17 na nufin duk muhimman wuraren guga sun sami dutse. Agogon da ke wana kansa da motsin hannu yana da ƙarin wilai, shi ya sa ake ganin 21 ko 25 a kansa.

Dabarar ta tsufa. A 1704 ne Nicolas Fatio de Duillier, wani masanin lissafi ɗan Suwizalan da ke zaune a Landan, tare da Peter da Jacob Debaufre, suka sami takardar mallakar fasahar huda duwatsu don agogo. Amma a lokacin duwatsun na asali ne, masu tsada, sai agogon manya. Wanda ya sauko da abin ƙasa har talaka ya samu Bafaranshe ne, masanin haɗa sinadarai Auguste Verneuil, wanda ya bayyana hanyarsa a 1902. Ana zubo garin alumina, wato sinadarin alminiyam da ya haɗu da iskar oksijin, ta cikin harshen wuta mai zafin da ya haura digiri 2,000, ya narke ya taru ɗigo bisa ɗigo ya zama dunƙulen dutse. 'Yar ƙurar sinadarin kuromiyam da ake haɗawa ita ke ba shi jan launi. A sinadari da tauri ba shi da bambanci da na haƙa, kuma ga mai ƙera agogo ya ma fi, domin ba shi da tsaga ko datti a ciki.

In aka ce agogon Faransa, to ana maganar garin Besançon ne da ƙauyukan tsaunukan Jura da ke kan iyaka da Suwizalan. Sana'ar ta kafu a can a 1793, lokacin da wani mutumin Geneva, Laurent Mégevand, ya zo da ayarin maƙeran agogo daga tsallaken iyaka. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 garin ne ke ƙera mafi yawan agogon ƙasar. Yana da gidan nazarin taurari da ke gwada daidaiton agogo, wanda ya ci jarrabawa a buga masa hatimi mai siffar kan kububuwa. A nan Emmanuel Lipmann ya buɗe shagonsa a 1867, wanda ya zama kamfanin Lip. A nan kuma Henry Louis Belmont ya kafa kamfanin agogo na Yema a 1948.

A wancan zamani Lip ya bambanta da mafi yawan takwarorinsa domin shi ke ƙera injinsa da kansa. Injinsa T18 na shekarun 1930 ya sami sunansa ne daga siffarsa mai kama da ganga, wato tonneau a Faransanci, da faɗinsa na milimita 18. Agogo mai wannan inji gwamnatin Faransa ta ba Winston Churchill, tsohon firaministan Birtaniya, kyauta a 1948. Akwai kuma R25, zagayayye mai faɗin milimita 25, wanda masu gyara ke yabo har yau saboda juriya. Sauran ɗaruruwan sunaye da za ka gani a fuskar agogon Faransa, da yawansu ƙananan masu harhaɗawa ne na garuruwa irin su Morteau, Villers-le-Lac da Charquemont. Suna sayen ɗanyen inji, wanda ake kira ébauche, su sa masa gida da fuska da sunansu. A 1967 wasu daga cikin masu ƙera ɗanyen injin suka haɗe suka zama France Ébauches. Wannan na da amfani ga mai saye: ko da ba ka taɓa jin sunan da ke kan fuskar ba, in an buɗe baya aka ga tambarin FE da lamba a ƙarƙashin wilin kai-komo, inji ne da aka yi shi da yawa, kayan gyaransa ba sa wuyar samu kamar na wasu.

A wancan zamani rubutun "ancre" da yawan rubis shi ne ke raba agogon kirki da na arha. Na arhan ana sa masa tsinkayen ƙarfe a madadin duwatsun baki, wani da dutse ɗaya tak, wani babu ko ɗaya. In ya gaji sai a yar. Mai 15 ko 17 kuwa an yi shi ne don a riƙa kwancewa ana wankewa ana mayarwa. A ganina wannan ce ainihin ma'anar rubutun: alkawari ne daga maƙeri cewa agogon nan mai gyaruwa ne. Amma da 'yan kasuwa suka lura mutane na bin lamba, sai wasu suka shiga cusa duwatsu inda ba su da aikin yi, har aka fitar da agogo masu da'awar 100 a shekarun 1960. Sai a 1974 hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ISO, ta fitar da ƙa'idar da ta fayyace wane dutse ne mai aiki wanda ya cancanci a ƙirga. Saboda haka in ka ga tsohon agogon da ake wanawa da hannu mai nuna awa da minti kawai yana da'awar 40 ko 50, kada lambar ta ruɗe ka ka ƙara kuɗi.

Ƙarshen wannan zamani ya zo da zafi. Seiko na Japan ya fitar da agogon hannu na batir mai amfani da dutsen kwaz a Disamban 1969, kuma irin wannan agogo ba ya buƙatar duwatsu da yawa, tunda babu sifirin da ke danne wilansa dare da rana. Ga kuma agogon arha da suka cika kasuwa tun kafin nan. A Yunin 1973 ma'aikatan Lip suka gano shirin sallamar mutum 480, sai suka mamaye masana'antar da ke unguwar Palente, suka ɓoye agogon da ke sito, suka ci gaba da aiki da kansu da taken "mu ƙera, mu sayar, mu biya kanmu". Charles Piaget ne fitaccen jagoransu. 'Yan sanda suka fitar da su a watan Agusta, amma ranar 29 ga Satumba mutane kusan 100,000 suka yi tattaki a Besançon cikin ruwan sama don mara musu baya. Kamfanin ya sake durƙushewa a 1976. Sunan Lip na nan a kasuwa, sai dai sababbin da yawansu da injin da aka sayo daga waje suke, don haka kada a haɗa su da na da. A 2020 UNESCO ta sa sana'ar agogon yankin Jura, ɓangaren Faransa da na Suwizalan, cikin al'adun da duniya ta gada.

Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci ga wanda ya gaji irin wannan agogo ko ya saya. Yakutu ba ya cinyewa, amma man da ke cikinsa yana bushewa. In ya bushe ya haɗu da ƙura, sai ya koma kamar garin wasa wuƙa, kuma tunda dutsen ya fi ƙarfe tauri, tsinken ne zai ci wuya. Agogon zai ci gaba da tafiya yana cin kansa, mai shi bai sani ba. Shi ya sa agogon da ya yi shekara ashirin a akwati, ko ya tashi da ka wana shi, bai kamata ka fara ɗaura shi kullum ba sai an wanke shi. Wankin gaskiya shi ne a kwance injin gunduwa-gunduwa, a wanke kowane yanki, a ɗiga wa kowane dutse man agogo da bakin allura. Ana so a maimaita wannan kamar duk shekara biyar, a wurinmu ma da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina gara kada a wuce haka. Tsoma injin gaba ɗaya a fetur, ko ɗiga masa man keken ɗinki, ɓarna ce. Man zai malala ya kama siririn gashin sifirin da ke kan wilin kai-komo, agogo ya riƙa gudu kamar an kore shi.

Dutse mai tauri kuma yana da saurin tsagewa. In ka ga "Incabloc" ko "antichoc" a fuska, an ɗora duwatsun wilin kai-komo a kan ɗan sifirin da ke shanye bugu. Wanda ba shi da wannan, faɗuwa ɗaya a kan siminti ta isa ta karya tsinken. Cire shi daga hannu kafin ka wana, ka wana a hankali sau ɗaya a rana, da ka ji ya cije ka tsaya. In yana nuna kwanan wata, kada ka canza kwanan tsakanin wajen tara na dare da uku na asuba, lokacin haƙoransa na riƙe da juna. Kalmar "étanche" a bayansa na nufin ruwa ba ya shiga, amma maganar shekara hamsin ko sittin da suka wuce ce, robar da ke toshe kafofin ta daɗe da mutuwa. A cire shi kafin alwala. A nisanta shi da lasifika da duk abin da ke da maganaɗisu.

Abu guda da ba a cika faɗa ba: agogon da aka yi kafin tsakiyar shekarun 1960 mai lambobi da hannaye masu haske da dare, sau da yawa da sinadarin radiyam aka yi fentin. Hasken ya mutu tuntuni, amma sinadarin na nan da ƙarfinsa, domin sai ya yi shekara kusan 1,600 kafin rabinsa ya lalace. Haɗarin ya fi yawa ne in aka shaƙi ƙurarsa ko aka haɗiye ta. In fentin ya koma ruwan ƙasa yana marmashewa, kada ka buɗe gilashin a gida, kada ka hura da baki, kuma ka gaya wa mai gyara tun kafin ya sa hannu.