Gubar Metanol a Barasar Haɗin Gida

Metanol sinadari ne mai ruwa-ruwa, marar launi, wanda ake amfani da shi a masana'antu wajen narkar da fenti, haɗa ruwan wanke gilashin mota da kuma makamashi. Kamanninsa da ƙamshinsa sun yi kusa da na etanol, wato sinadarin da ke bugarwa a barasa, har mai sha ba ya iya bambance su da hanci ko harshe. Yakan samu kaɗan idan aka tsima 'ya'yan itatuwa aka tace su ba bisa ƙa'ida ba, amma yawancin mace-macen da ake samu a taro guda suna faruwa ne saboda masu haɗa barasa a ɓoye sun zuba metanol na masana'anta da gangan, don ya fi araha. Mililita 10 na tsantsarsa kan iya makantar da mutum, mililita 30 kuma kan iya kashewa.

Abin da ya sa wannan guba ta fi yawancin guba yaudara shi ne jinkirinta. Metanol da kansa ba ya yin ɓarna mai yawa. Hanta ce ke sarrafa shi zuwa fomaldehaid, sannan zuwa fomik asid, wanda ke hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar oksijin, ya tsamar da jini, ya kuma lalata jijiyar gani da wasu sassan ƙwaƙwalwa. Wannan aiki yana ɗaukar awa 12 zuwa 24, ya ma fi haka idan an sha shi tare da barasar gaske. A wannan tsakani mutum yakan kwanta yana zaton maye ne kawai, iyalinsa ma su bar shi ya yi barci, alhali a lokacin ne magani ya fi amfani. Daga baya sai ciwon kai, amai, ciwon ciki da jiri su biyo, numfashi ya yi zurfi da sauri, gani ya dushe kamar mai kallo ta cikin farin hazo, hasken fitila ya riƙa soke masa ido. Idan aka makara, sai jijjiga da doguwar suma.

Taimakon farko ɗaya ne: a kai mutum asibiti nan take, tare da duk wanda suka sha abu ɗaya ko da bai nuna alama ba, a kuma tafi da ragowar abin shan. Sa shi amai ko ba shi gawayi ba ya hana gubar shiga jini. A asibiti ana ba da fomefizol, maganin da ke tsayar da aikin hanta a kan metanol, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya a jerin muhimman magunguna a 2013. Inda babu shi, likitoci kan yi amfani da etanol a gwargwado, domin hanta ta fi karkata gare shi, ta bar metanol ya fita ba a sarrafa shi ba. Ana ƙara bayikabonet ta jijiya don rage tsamin jini, da folik asid (wani nau'in bitamin), sannan a yi wankin jini da na'ura idan gani ya taɓu ko tsamin ya yi tsanani.

Abin takaici shi ne kunya da tsoron hukuma suna hana mutane zuwa da wuri, musamman inda aka haramta barasa. Gubar metanol ta kashe mutane a ƙasashe da dama: a Farnu ta ƙasar Istoniya mutum 68 suka mutu a 2001. A Iran ɗaruruwa suka rasu a 2020 bayan jita-jitar cewa barasa tana maganin korona. A Vang Vieng ta ƙasar Lawos kuma 'yan yawon buɗe ido shida suka mutu a Nuwamba 2024. Waɗanda suka tsira bayan makara sau da yawa ganinsu ba ya dawowa.