Lihaf: a Sudan kwanciya ake yi a kansa, a Makka lulluɓa ake yi da shi

Wani ɗan kawunmu da aka haifa a Makka ya taɓa zuwa mana hutu Wad Madani da ke Sudan cikin watan Janairu, lokacin da iskar arewa ke korar kowa daga tsakar gida zuwa ɗaka. Bayan sallar isha'i ya takure a bakin gado, ya dubi kakarmu ya ce, "Hajiya, don Allah a taimaka mini da lihaf, sanyin garin nan ya fi ƙarfina." Tsohuwa ta ƙare masa kallo ta ce, "Kai ɗan nan, to a kan me kake zaune?" Da ya sake roƙo sai ta ɗauka haƙarƙarinsa ne bai saba da gadon igiya ba, ta sa aka ɗauko wani lihaf ɗin aka shimfiɗa masa bisa na farko. Sai da ya kwatanta da hannu, yana ja zuwa wuyansa, sannan aka gane bargo yake nema, abin da mutanen nan ke kira baɗɗaniya.

Daga shi har ita kowa da gaskiyarsa. Kalmar ta Larabci ce, tushenta kuwa lulluɓa ne ko yafa abu a jiki. Daga nan aka samu malahfa, dogon mayafin da matan Muritaniya ke naɗewa da shi. A Saudiyya da Masar da Sham, in aka ce lihaf ana nufin mayafin barci mai kauri: ƙyalle biyu, auduga a tsakani, an bi shi da ɗinki don kada audugar ta taru wuri guda. A Sudan kuwa kalmar ta sauko daga saman mutum ta koma ƙarƙashinsa. Lihaf a nan shi ne shimfiɗar audugar da ake ɗorawa a kan angarib, gadon nan na katako mai saƙar igiya. A ganina zafin ƙasar ne ya juya ma'anar, domin wanda yawancin shekara a fili yake kwana da ɗan zane mara nauyi, damuwarsa ita ce kada igiya ta yi masa shaida a gadon baya. Mu ma Hausawa ba mu da bakin dariya. Katifar da muke taƙama da ita daga Larabci muka aro ta, a can kuma mayafi ce mai laushi mai gashi-gashi, mu ne muka kwantar da ita muka haye. A gidanmu ma lihafi ake cewa, kamar yadda bakin Bahaushe ya saba yi wa kalmar aro wutsiya.

Mai yin sa ana ce masa munajjid, aikin kuma tanjid. Lokacin da muke yara shi yake zuwa gida, galibi gab da salla ko in biki ya matso. Zai zauna a inuwar rakuba, wato rumfa, ya farke tsohon lihaf, audugar ta fito a daskare kamar tuwon jiya, ta yi launin ƙasa. A shanya ta, ya bi ta da sanda har ƙura ta tashi kowa ya rufe hanci, sannan ya ɗauko bakansa. Duk wanda ya taɓa ganin bakan shiɓa a hannun tsohuwa mai kaɗi a ƙasar Hausa ya san irinsa, sai dai na munajjid babba ne, yana dukan tsarkiyar da guntun katako, tana kuka tana fisgar auduga, har tulin da bai kai gwiwa ba ya kumbura ya yi fari sol. Yanzu inji ya karɓe yawancin wannan aiki. Bayan shiɓa sai a ƙara sabuwar auduga, a ɗura cikin riga ta dammuriya, farin yadin nan na auduga mai kaushi da Sudan ta daɗe da saninsa, a baje da sanda, a ɗinke baki, a bi tsakiya da basilla.

Kakarmu ba ta barin wurin sai an gama. Kusurwoyi take dubawa, don a nan ake gane mai ha'inci: in kusurwa ta lanƙwashe kamar kunnen akuya, auduga ba ta kai can ba. Sai ta dafa gwiwar hannunta a tsakiya ta danna, in ta ji ƙasa ta ce, "Usta, wannan ai tabarma ka ɗinka mini, ƙara masa."

Audugar kanta ba baƙuwarmu ba ce. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin Jazira tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, waɗanda daga baya suka zarce fadan miliyan 2 (fadan ma'aunin gona ne, kusan eka ɗaya), hannun Bahaushe yake cikin tsinkarta. Wasu kakanninmu hanyar hajji suka ɗauko, guzuri ya ƙare suka tsaya neman na gaba, tsayawar da ta zama zama. Wasu kuma ayarin da ya taso bayan yaƙin Burmi na 1903 suka biyo, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya jagoranta, har aka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da yawansu ba su da hawasha tasu, wato gonar da hukuma ke yanka wa manomi, a kambo, wato zangon 'yan ƙwadago, suke zaune a gefen ƙauyuka suna ƙwadago. Shi ya sa tsofaffinmu suke da ido a kan auduga, da taɓawa ɗaya sun san mai dogon gashi da wadda aka gauraya da shara.

Inda lihaf ya fi daraja shi ne wajen aure. A danginmu yana cikin kayan ɗakin amarya, kuma gudummawa ce ta gwaggo ko kaka, ba ta ƙawaye ba. Munajjid ya yi nasa ya tafi, sauran aikin na mata ne: milaya, wato zanen gado, da rigunan matashin kai da ake yi wa ado da zare mai launi.

Kakarmu tana da wani abu da take ƙarawa, wanda ba a saya a kasuwa. Akwai buhu a ƙarƙashin gadonta da take tara ƙyallaye: gefen tsohon tob, wato mayafin matan Sudan, ragowar atamfar da wani ya kawo tsaraba daga Kano, guntayen shadda daga wurin tela, har rigar makarantar da ta yi wa jika kaɗan. In aka sa ranar auren wata, sai ta zazzage buhun, ta yanka su daidai tafin hannu, ta harhaɗa da allura bayan la'asar, ta sa siririyar auduga a tsakani, ta yi masa bango da dammuriya. Yakan ci mata wata biyu ko uku. Ba ta taɓa kiransa da wani suna ba sai bargon tsumma, ko da yake ba na jin akwai tsumman da aka taɓa yi wa irin wannan tattali. Maho dai ba abin kunya ba ne a Sudan. Ansar, mabiyan Mahadi a shekarun 1880, da jibba mai maho aka san su, wadda ta fara a matsayin alamar gudun duniya, daga baya mahon ya zama ado da ake ɗinkawa a tsare. Wanda kuma ya taɓa halartar zikirin yammacin Juma'a a hubbaren Shehu Hamad al-Nil da ke Omdurman ya ga darwishai cikin riguna masu haɗin kore da ja.

Lihaf yana da tasa zirga-zirgar a gida. Da safe a rataye shi a katanga ya sha rana, da magariba a yayyafa wa tsakar gida ruwa, a jero angarib ƙarƙashin darbejiya, kusa da ɗan lambun da ba a rasa ba: lalo, wanda suke kira khudra, da jirjir, wani ganye da ake ci ɗanye, da gindin lalle, da lemun tsami mai shan ruwan alwala. Da damina kuwa, in hadari ya taso tsakar dare, kafin a ɗauki yaro ana ɗaukar lihaf, domin yaro zai bushe da safe, auduga kuwa in ta sha ruwa sai wari da dunƙulewa. In ya tsufa ƙwarai audugarsa ta koma matashin kai, rigar kuma a jiƙa ta a naɗe jarkar ruwa don ya yi sanyi, ko a yi wa dashen tumatir inuwa da ita.

Katifar soso ta rage masa kasuwa, duk da cewa a watan Mayu soso gasa mutum yake yi. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya nuna wani aibin lihaf, nauyi: masu barin gida ba su iya ɗaukarsa.

Shi kuwa ɗan kawun namu, da aurensa ya tashi, tsohuwa ta ɗinka masa bargon tsumma ta ba wata mai tafiya umara ta kai masa. Ya bugo waya yana ta godiya, yana cewa lihaf ya iso lafiya. Ta ce, "Kira shi abin da ka ga dama, ɗan nan, ka dai gaya wa amaryar kada ta sa mini shi a injin wanki."